Kunnen Iskar da Muka Kai wa Kawu



Duk wanda ya tashi a ƙasar Sabon Birni ko Isa ya san shekara kashi biyu ce wajen tafiya: akwai lokacin da ake taka gulbi da ƙafa, akwai lokacin da ake biyan kuɗin fito. Da rani yashi ne fetal, jakuna da babura ke ratsa shi. Da zarar damina ta zauna, ruwan Bunsuru da na Gagare ya gangaro ta wajen Isa, Gulbin Maraɗi kuma ya dawo gida bayan ya zaga ta Nijar, suka haɗu suka cika Rima, to gonar da kake hange da idonka ba ka isa gare ta sai da kwale-kwale. A kan wannan ruwa kawunmu, yayan mahaifiyarmu, ya shafe fiye da shekara talatin yana fito da mutane da buhuna da awaki. Ba shi da inji. Gora ce a hannunsa inda ƙasa take kusa, filafili kuma inda ruwa ya yi zurfi.

Abin da muka fi tunawa tun muna yara shi ne kafaɗarsa ta dama. In ya dawo da magariba yakan kasa ɗaga hannu ya kai loma baki, sai an gasa masa kafaɗar da ruwan zafi. Mahaifiyarmu takan ce, "Yaya, ka bar ruwan nan haka nan." Shi kuma ya tambaye ta, in ya bari wa zai ƙetarar da mutane.

Da Allah Ya kai mu kwalejin kimiyya da fasaha muna karatun kanikanci, aka zo shekarar ƙarshe ta difloma, aka ce kowa ya kawo abin da zai ƙera da hannunsa. Abokanmu suka ɗauki injin ɓarar gyaɗa da na markaɗe. Mu kuwa a lokacin mun faɗa kallon wasu bidiyoyi a waya, na mutanen da ke ratsa teku su kaɗai a jirgin da iska ke turawa. Tambaya ɗaya ta riƙa damun mu: mutum shi kaɗai, wata bakwai ko takwas a kan ruwa, yaushe yake barci, wa ke riƙe masa tuƙi? Ashe wata na'ura ce ake ɗaurawa a bayan jirgin, ba ta shan mai, ba ta da batir, babu wayar lantarki ko ɗaya a jikinta. Muna ganinta sai kafaɗar Kawu ta faɗo mana a rai.

Da yake ba mu taɓa jin sunanta da Hausa ba, mu muka raɗa wa sassanta suna, kuma da su za mu yi bayani. A sama akwai falanki marar nauyi, tsawonsa kamar kamu biyu, yana tsaye a kan maƙalin da ke barinsa ya kwanta dama ko hagu. Shi muka kira kunnen iska. A gindinsa akwai dunƙulen ƙarfe mai mayar da shi tsaye. A ƙasa, cikin ruwa, akwai siririn allo mai kama da takobi, shi ne takobin ruwa. Daga takobin nan igiya biyu suka tashi, suka bi ta kan 'yan ƙananan tayoyi, suka je ga sandar tuƙi, wato sandar da ke juya babban allon da ke wutsiyar jirgi.

Ga yadda take aiki. Matuƙi zai saita jirgi da hannunsa inda yake son zuwa, sannan ya juya kunnen har kaifinsa ya fuskanci iska, ta yadda za ta wuce ta gefensa biyu ba ta ture shi ba. Sai ya maƙala igiyoyin ya saki sanda. In jirgi ya kauce, iska ta bugi kunnen ta fuska ɗaya, sai ya kwanta. Kwanciyar tasa ba ta da ƙarfin juya jirgi, iyakarta ta ɗan murɗa takobin da ke cikin ruwa. To amma jirgi na tafiya, ruwa na gudu ta jikin takobin, da ya murɗu sai ruwa ya fizge shi gefe da ƙarfi, kamar yadda iska ke fizgar tafin hannunka in ka fito da shi ta tagar mota ka karkata shi. Wannan fizga ce ke jan igiya, igiya ta ja sanda, jirgi ya dawo kan hanya, kunne ya miƙe. Iska ke kawo labari, ruwa ke yin aikin ƙarfi.

Ana jingina dabarar takobin ruwa ga wani tsohon hafsan soja na Ingila, Blondie Hasler. Shi ya kawo shawarar tseren ratsa Tekun Atlantika na mutum ɗaya a jirgi ɗaya, wanda aka fara a 1960 daga Ingila zuwa Amurka. Jirage biyar suka shiga. Francis Chichester ya zo na ɗaya a kwana 40, Hasler ya biyo shi a kwana 48, kowannensu da irin kunnen iskar da ya haɗa wa jirginsa. Bayan wannan tsere ne Hasler ya fito da samfurin mai takobi, wanda har yau ake ƙera ire-irensa.

Mu dai ba mu da ƙarfe marar tsatsa irin nasu. Kunnen daga falankin tsohuwar durowa muka yanko shi. Boris muka ciro daga ƙafar mataccen babur. Nauyin gindi kuwa notuna ne muka zura a ƙarfe ɗaya. Wani mai walda ya haɗa mana ƙashin na'urar da bututun ruwa, yana yi yana tambaya ko tarkon kifi ne. Ranar duba aiki muka kunna fanka, kunne ya kwanta, takobi ya murɗa, aka ba mu maki mai kyau. Ba wanda ya tambaya ko ta taɓa shiga ruwa, mu ma ba mu tsokano maganar ba.

Da muka gama jarrabawa damina ta yi nisa. Muka ɗaura na'urar a bayan mota muka kai ta gida, muka ajiye ta gaban Kawu muna jiran yabo. Ya zagaya ta sau biyu, ya taɓa kunnen da yatsa.

"Wanga abu, mi shika ci?"

"Ba ya cin komai, Kawu. Iska ce ke gaya masa hanya."

"To jirgina, iska ka tura shi ko ni?"

Nan muka yi shiru. Wata huɗu muna zane da awo, ba mu tsaya mun tuna cewa kwale-kwalen fito ba shi da zanen iska ba, ba shi ma da allon wutsiya. In Kawu ya ajiye gora jirgi tsayawa zai yi, ko ruwa ya tafi da shi. Kunya ta kama mu, amma Kawu bai yi dariya ba. Ya ce akwai tsohon jirginsa da ya daina fito da shi, kuma akwai wani tafki da ambaliya ke bari a fadama, inda ruwa ba ya gudu. Ya ce mu je mu gwada, tunda mun riga mun ɓata kuɗin uwarmu.

Muka ɗinke buhunan taki shida suka zama zanen iska, muka kafa gora muka ɗaure shi. Kafinta ya yanka mana allon wutsiya da sandarsa. Muka ɗaure na'urar a bayan jirgi, muka tabbatar ƙashinta ya tsaya daidai tsakiya, bai karkata ba.

Ranar farko jirgi ya ƙi tafiya miƙe. Kansa sai juyawa yake yi gefe guda, takobi ya maƙale a can ƙarshe, igiya na kuka. Muka yi ta zargin waldar. Kawu na zaune a gaɓa yana kallo, can ya ɗaga murya ya ce mu mayar da buhunan yashin da muka sa a gaba zuwa tsakiya, mu kuma naɗe zanen mu rage shi. Ya ce jirgin da ba a daidaita kayansa ba, ko Sarkin Ruwa ba ya tuƙa shi. Muka yi yadda ya ce, kan jirgi ya daina gardama. Daga baya muka ga wannan ita ce ƙa'ida ta farko wurin masu ratsa teku ma: sai ka daidaita zanen iska har jirgi ya kusa tafiya miƙe da kansa, sannan ka miƙa wa na'ura. In iska ta ƙaru, ka rage zane tun da wuri. Na'urar gyaran ƙaramin kauce take yi, ba ta kokawa da jirgin da aka loda ba daidai ba.

Rana ta biyu igiya ce ta koya mana hankali. Da muka ɗaure ta tamau, komai ya sandare, iska marar ƙarfi ta kasa kwantar da kunne. Da muka sassauta da yawa, jirgi ya riƙa tafiya yana laƙwasa kamar akuyar da ta tsinke turke. Sai da muka samu tsaka-tsaki, ɗan sassauci kaɗan. Rana ta uku kuma kunnen ya yi nauyin motsi. Muka buɗe boris muka tarar giris ɗin da muka cika shi da shi ya haɗu da yashi ya zama kamar ƙullu. Muka wanke da kananzir, muka ɗiga mai kaɗan. A teku gishiri ne ke yin wannan ɓarna, shi ya sa da yawa daga na'urorin ake wanke su da ruwan daɗi maimakon a cika su da giris. Ƙarfin da iska ke ba kunnen ɗan kaɗan ne, duk abin da ya cije a hanya ya cinye shi.

Rana ta huɗu Kawu ya yarda ya shiga. Iskar damina na busowa daga kudu maso yamma, ba ƙarfi ba rauni. Muka saita kan jirgi ga wata giginya da ke can ƙetaren tafki, muka juya kunne, muka maƙala igiya, muka saki sanda. Jirgi ya tafi. Kunne na sunkuyawa yana miƙewa, takobi na lilo cikin ruwa, sanda na motsi ita kaɗai kamar akwai mai riƙe da ita. Muka dubi Kawu. Mutumin da ya shekara talatin a kan ruwa yana zaune cikin jirgi mai tafiya, hannunsa biyu babu komai, ya rasa inda zai sa su. Ya ɗora a gwiwa, ya sauke, ya naɗe a ƙirji. Wallahi ba mu taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

Mu idonmu na kan na'ura, shi idonsa na gabas. Kowa ya san hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, kuma kafin ruwa ya sauka iska kan ɗauke, sannan ta juyo. Haka aka yi. Iska ta juya, kunne ya bi ta, takobi ya ja igiya, jirgi ya bar giginya ya karkata ya nufi ciyawa da laka, a natse, ba gardama. Kafin mu gane abin da ke faruwa Kawu ya miƙe ya kwance zanen buhu ya danne shi da ƙafa, ya ɗauki gora. Bai fi ƙiftawar ido ba guguwar gaban hadari ta iso. Da ta tarar da zanen a buɗe, da ta kife mu.

Muna fakewa a gindin wata bishiya, jiƙe sharkaf, ya ce, "Ɗana, abinka ba shi da laihi. Abin da kac ce mai, shi yay yi. Amma iska shika bi, bai san gari ba."

Duk littattafan da muka karanta ba su faɗe ta a taƙaice haka ba. Na'urar ba ta san gabas ba, ba ta san giginya ba. Abin da take tsarewa shi ne kusurwar da ke tsakanin jirgi da iska. In iska ta sauya, ita ma ta sauya da jirgin gaba ɗaya. Shi ya sa masu ratsa teku ba sa barci mai tsawo, sukan farka su duba kamfas, su duba sama, su gyara kunne, su koma.

Da ruwa ya tsagaita Kawu ya bi igiyar da yatsa tun daga takobi har sanda. Ya tsaya daidai inda take gogar taya, ya nuna mana. Kwana huɗu kacal, rabin zaren ya cinye. Ya ce, "Wagga igiya, wa ka duba ta kullum?" Sai a lokacin muka lura da abin da muka tashi muna gani ba mu taɓa ɗauka aiki ba. Kullum kafin fasinja na farko, Kawu kan kwashe ruwan da ya kwana a jirgi, ya bi haɗin katako da tafin hannu, ya cusa tsumma inda ya buɗe ya shafe da kwalta, ya ƙwanƙwasa katako yana sauraron wanda ya fara ruɓa, ya lanƙwasa gora ya ji ko ta tsage. Sannan ya yi bismillah ya ce a shigo.

Masu jiragen teku ma haka suke da na'urarsu: duba igiya inda take goga a matsar da ita kafin ta tsinke, ɗaure notin da girgiza ta sassauta, cire ciyawar da ta naɗe takobi, ajiye kunne da igiya na ko-ta-kwana. Wasu maƙeran ma da gangan suke sa wani guntun ƙarfe mai rauni a wuyan takobin, don in ya bugi gungume shi ya karye, kada ya ɓalle bayan jirgi. Duk da haka tana lalacewa. Robin Knox-Johnston, mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ko'ina ba, ya bar Ingila a watan Yuni 1968 ya dawo a Afrilu 1969 bayan kwana 312. Na'urarsa ta mutu tun a wajen Ostareliya, sauran tafiyar da daidaita zane da tuƙin hannu ya ƙarasa ta. A tseren zagaya duniya da aka fara daga Faransa a Satumba 2022, jirage 16 suka tashi, uku kaɗai suka gama ba tare da sun tsaya ba. Simon Curwen ne ke kan gaba har na'urarsa ta karye, dole ya ratse ƙasar Chile gyara. Abhilash Tomy na Indiya, da kayan gyaransa suka ƙare, har ƙofar banɗakin jirginsa ya yanka ya yi takobi da ita, ya zo na biyu bayan Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu.

Kawu bai ɗauki na'urarmu ba, kuma gaskiyarsa ce. Fiton Rima gajere ne, gudun ruwa ke mulki a cikinsa. Abin da ya shigo mashiganmu ya sauƙaƙa wa kafaɗa shi ne inji, kuma alheri ne. Sai dai ya zo a lokacin da 'yan bindiga suka hana mutane bin hanyoyi da yawa, jama'a suka koma ruwa, yaran da ba su taɓa riƙe gora ba suka zama matuƙa. Inji na tura jirgi ko an loda shi daidai ko ba a loda ba, ba ya yi maka gardamar da gora ke yi. Ranar Lahadi 17 ga Agusta 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyar zuwa kasuwar Goronyo. Duk wanda ke da ɗan'uwa a bakin gulbi ya san yadda zuciya ke faɗuwa in aka ce jirgi ya kife, kafin ma a faɗi mashigin.

A jikin jirgin Kawu, ta waje, akwai wani zane da ya yi da wuƙa, tafin hannu guda ƙasa da baki. In ruwa ya taɓa zanen, ba mai ƙara shiga, ko sarki ne. Saboda shi ya rasa fasinjoji da yawa, suna cewa tsoho ya cika ƙa'ida.

Wani dare muna gida aka buga ƙofa, aka ce an shiga wani ƙauye a ƙetare, mutane sun taru a mashigi. Muka bi Kawu muna riƙe da tocila. Da muka isa can gaɓar, mata da yara da tsofaffi suka yo kan jirgi gaba ɗaya, ana jin harbi daga nesa. Ya ce mu haska masa zanen. Da ruwa ya taɓa shi ya gitta gora ya ce ya isa. Wani mutum ya riƙe masa riga yana rantsuwa, wata mata ta miƙo jariri ta kan kawunan mutane. Ya karɓi jaririn ya ba wata da ke ciki, ya ce wa uwar, "Ki tsaya nan inda nika ganinki, ina dawowa." Mu kanmu mun ce, "Kawu, a ƙara ko mutum biyar." Bai ko dube mu ba. Ya ce mu sauka mu ba uwar jaririn wurinmu.

Muka sauka. Muka tsaya cikin ruwa iya gwiwa tare da sauran, muna kallon jirgi na shiga duhu. Ba za mu ɓoye muku ba, a wannan tsayuwa mun ji haushinsa, mun ji tsoro, mun kuma ji da mu ne da gora da mun kwashe kowa a tafiya ɗaya. Sau huɗu ya je ya dawo. Mu ne a na ƙarshe. Da asuba aka ƙirga, duk wanda ya iso mashigin a daren ya ƙetare. Kwana uku Kawu bai iya ɗaga hannunsa ba.

Kunnen iskar yana nan rataye a zauren gidanmu. In iska ta shigo yakan sunkuya ya miƙe, yara su yi ta dariya. Kafaɗar da muka so mu hutar da walda da boris ba ta huta ba. Abin da muka iya yi shi ne, duk lokacin da muke gida da damina, mukan riga shi zuwa mashigi mu kwashe ruwa, mu bi haɗin katako da tafin hannu, shi kuma ya zo ya sake bi, don har yanzu bai yarda da hannunmu ba.

'Yan'uwa, in akwai mashigi a garinku, ku je ku zauna da mai fito kafin ku rubuta labarin ruwa. Ku tambaye shi sunan kowane katako da kowace igiya, ku tambaye shi abin da yake dubawa da safe. Mu sai da muka ƙera abu muka kai bakin gulbi sannan muka yi tambayar da ya kamata mu fara da ita.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ya ba Kawu lafiya. Amin.